Shayin Tauraro a Makokin Kawu

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Kawuna, wan mahaifiyata, ya rasu wata safiyar Talata cikin damina, kafin azahar mun kai shi makwancinsa a Karshi. Shekaru masu yawa ya yi yana sayar da kayan ƙamshi a kasuwar Garki: citta, kanumfari, kirfa, masoro, kimba, da wani busasshen ɗan itace mai siffar tauraro da ake kawowa daga ƙasashen waje. Masu kantin maganin Musulunci suna ce masa yansun mai tauraro. Kawu tauraro kawai yake ce masa, kuma da shi aka san shi. Ni nake zama da shi a rumfa tun da na bar makaranta.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi. Akwai kuma abin da ya faru ranar addu'ar uku, wanda yanzu ake ba da labarinsa a kasuwa ana dariya. Ni ban yi dariya ba a ranar, har yau kuma ban yi ba.

Tun da hantsi ƙofar gida ta cika. 'Yan kasuwa sun zo cikin bas guda. Leburori masu aikin gini, 'yan can arewa, sun zauna a gefen tabarma da busasshen siminti a ƙafafunsu, ba abin da suke cewa sai, "Allah ya jiƙan Baba." Wani oga daga gidajen ma'aikata na Garki yana gaya wa Liman da ƙarfi cewa Baba ne ya raba shi da olsa. Da Kawu na nan da ya ƙaryata shi a gaban kowa, domin ina wurin ranar da ya kore shi ya ce ya tafi asibiti a duba masa cikin nan.

Wanda ya sa mata kuka a cikin gida shi ne Baba na Yangoji, wani tsohon manomi, Bagware kuma Kirista, abokin Kawu tun kafin a haife ni. A bayan mashin aka kawo shi, rungume da doya. Ya zauna kusa da Liman ya cire hula yana share ido da ita.

"Wa zai zage ni yanzu?" in ji shi. "Wannan mutum, ita ne ya ce in bar burkutu da safe. Na bari? Ban bari ba. Kullum ya zage ni, kullum ya ba ni magani. Yanzu babu zagi, babu magani."

Sai aka fito da shayi a manyan tukwane biyu. Ƙamshin ya riga tukwanen isowa. Mutane suka ɗaga kai, wani ya ce, "Kai, kamar yana nan zaune." Liman ya kurɓa ya lumshe ido ya ce wannan shayin marigayi ne, ko a ina ya sha zai gane. Ni ma na ji daɗi, har sai da na shiga cikin gida ɗauko ƙarin kofuna, na taɓa aljihuna na ji makullin rumfar kasuwa. Ba a buɗe rumfa ba tun rasuwar. Na sami matar Kawu, wadda muke kira Inna, a bakin murhu.

"Inna, a ina kuka sami tauraro?"

"Buhun da ke ɗakinsa mana. Ga shi nan sabo, cike, sai in tafi neman wani?"

Na leƙa ɗakin. Bakin buhun a buɗe. Jan ƙyallen da aka ɗaure shi da shi yana yashe a ƙasa. Na dafa bango.

Dole in faɗi ma'anar wannan ƙyalle, amma ba zai fahimtu ba sai na faɗi wane ne Kawu.

Ba boka ba ne, kuma haushi yake ji a kira shi mai magani. "Ni ɗan kasuwa ne," in ji shi. Amma idan mutum ya zo dafe da ciki ya ce tun jiya da ya ci wake ya kumbura, Kawu zai ɗauki tauraro ɗaya, ko rabi in mutumin ba shi da jiki, ya ce a tafasa da ruwa kofi guda, a bari ya ɗan huce, a sha bayan abinci. "Za ka yi gyatsa," zai ce. "Za ka yi ɗayan ma, saboda haka kada ka sha ka wuce masallaci." Mai mura da tari yakan haɗa masa da citta ya ce ya sa zuma, yana tsinka majina. Matan da ke fama da ciwon mara sukan zo su yi ƙasa da murya, shi ma ya yi ƙasa da tasa, ya ƙulle musu a leda ba tare da ya dube su ba. Mai warin baki kuwa ba ya jira ya tambaya. Zai ɓalle masa kunnen tauraro ɗaya ya ce, "Tauna wannan, kyauta ne," mutum ya tafi yana godiya bai san an gaya masa magana ba.

Amma abin da ya hana ya fi abin da ya bayar yawa. Tari in ya wuce mako, ko an ga jini, asibiti. Mai ciki ba ya sayar mata sai ɗan na girki. Jariri kuwa, ko uwar za ta yi birgima a ƙasa, ba zai bayar ba. Na sha ganin mace ta tafi tana zaginsa, tana cewa tsohon nan baƙin hali gare shi, yaro na kukan ciki ya hana magani. Shi kuwa sai ya bi ta da ido, ya yi ta taɓa gemunsa har ta ɓace.

Tauraro yana da ɗan'uwa. Haka Kawu yake faɗa. Kamarsu ɗaya, launinsu ɗaya, amma shi wancan ba a ci, guba ne. A can inda ake nomansu wani lokaci sukan gauraya, da gangan ko da kuskure, tun kafin su hau jirgin ruwa. Ido ba ya raba su sosai. Na ƙwarai ƙamshinsa mai zaƙi ne, yana cika hanci. Wancan nasa raunanne ne, kamar na kafur a tsohon akwati, a harshe kuma ɗaci. Sau da yawa ya fasa ɗaya ya kai mini hanci ya ce, "Ka ji zaƙin nan? Ka riƙe shi." In ce na ji. Ban ji komai ba. Hankalina na kan waya.

Kafin in zo wurinsa, wata mata ta taɓa sayen tauraro a hannunsa ta dafa wa jaririnta. Da rana ta dawo a guje, ba ɗankwali, yaron ya sanƙare a hannunta, idanunsa sun juye, jikinsa na jijjiga. Kawu ya bar rumfa a buɗe ya ɗauki yaron da kansa zuwa asibiti. Allah ya raya shi. Har Kawu ya rasu bai san ko mugun ɗan'uwan ne ya shiga kayansa ba, ko kuwa shayin ne kawai ya fi ƙarfin jariri. Sau ɗaya ya ba ni wannan labari.

Tun daga nan ya ɗauko wata al'ada. Sabon buhu ba ya zuwa kasuwa. Sai ya kwana a ɗakinsa, ɗaure da jan ƙyalle. Zai tsamo daga sama, daga tsakiya, daga ƙasa, ya fasa, ya shinshina, ya tafasa, ya sha shi kaɗai. Idan gari ya waye yana lafiya, ya kwance ƙyallen da hannunsa. Ba ya kawo zancen kasuwa cikin gida, saboda haka Inna ta ɗauka gudun laima ne ya sa yake ajiye buhu a ɗaki. Na taɓa ce masa, "Kawu, in wata rana ka dace da mugun fa?"

"Gara ni da ɗan wani," ya ce. "Kai dai miƙo mini kofi, ka cika surutu."

Yana da kaifin harshe, ba zan ɓoye ba. Yana kuma da taurin kai. An ba shi ƙwayoyin hawan jini, ba ya sha sai kansa ya yi ciwo. Mutumin da ke tura kowa asibiti, shi sai an yi faɗa kafin ya je.

Faɗa mafi girma da na gani ya yi da surukinsa ne, mijin 'yarsa ɗaya tilo, a lokacin korona. Lokacin kowa na neman kayan shayi, ana ta yaɗawa a waya cewa tauraro na kashe cutar. Surukin saurayi ne mai kai, yana son ci gaba. Ya zo rumfa ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baba, ga shawara. Mu niƙa, mu zuba a ƙananan leda, mu manna takarda. Korona, sikari, hawan jini, rashin haihuwa. Ni zan tallata a waya. Kowa haka yake yi."

Kawu ya dube shi.

"Ka niƙa? In ka niƙa, wa zai san abin da ke ciki?"

"Ai daga hannunka ne, Baba."

"Yau daga hannuna. Gobe in kaya sun ƙare ka sayo daga hannun wa? Kuma wane rashin haihuwa? Kai ka sha ka haihu tukuna."

Maganar nan ta yi muni, domin a lokacin 'yar Kawu ba ta taɓa ko ɓari ba. Surukin ya tashi ya kaɗe gwiwarsa ya tafi. Shekaru suka yi gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a tsaye. Sai bana da Allah ya ba su ɗa namiji, Kawu ya je da kansa, ya ɗauki jaririn, ya ce wa surukin a gaban mutane, "Na gaya maka magana a kasuwa. Ka yafe mini." Ban taɓa jin ya roƙi wani gafara ba sai ranar.

Leburorin nan kuwa da suka zauna shiru a gefen tabarma, dalilinsu daban. Yawancinsu a gine-ginen da ba a gama ba suke kwana, ba taga ba ƙofa, da damina tari ya yi ta cinsu. Kawu yana da tukunya a bayan rumfa da yake ɗorawa kowace safiya, tauraro da citta da kanumfari, duk wanda ya zo ya ɗiba. Yana ba su yana mita: "Kun cinye ni, 'yan ƙauye, gobe babu." Gobe kuma akwai. Idan ɗayansu bai zo ba, sai ya tambayi sauran ina mai jar hular nan, ko ba shi da lafiya ne.

Yanzu ga nawa laifin.

Ranar Litinin, ana gobe zai rasu, ya aike ni inda tireloli ke sauke kaya daga Legas, wurin mutumin da yake saye a hannunsa tun da daɗewa. Na tarar ya yi tafiya. Ana ruwa, hanya ta cushe, ban so in koma in sake dawowa ba. Wani a maƙwabcin shago ya ce yana da irinsa, ai duk jirgi ɗaya ne. Na duba, tauraro ne dai. Na ɗauka. Da na kai Karshi, Kawu ya ce, "Yaya mutumina?" Na ce, "Yana gaishe ka." Ya ɗaure buhun da jan ƙyalle, ya ɗora ruwa a wuta. Na bar shi yana fasa tauraro a kan tabarma, na fita da sauri don in sami mota.

Da safe aka kira ni. Ya faɗi a wurin alwala, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce jini ne ya hau masa. Kowa ya karɓi wannan, domin kowa ya san halinsa da ƙwayoyi. Ni kaɗai nake tuna kofin nan. A wurin jana'iza na tuna shi, a maƙabarta na tuna shi, abinci ya ƙi shiga bakina. Amma ban gaya wa kowa ba, ban kuma ɗauke buhun daga ɗakin ba, domin tsoron shiga ɗakin nake.

To, ga buhun a buɗe, ga jama'a na shan abin da ke cikinsa.

Na fito da kofunan. Ya kamata in tsaya a tsakiyar tabarma in ce kowa ya ajiye. Ban yi ba. Na gaya wa kaina cewa in na yi magana zan ɓata sunan Kawu, a ce kayansa ne suka kashe shi. Ƙarya nake wa kaina. Tsorona shi ne a tambayi wanda ya sayo buhun. Na zauna ina kallon maƙogwaron mutane yana sama yana ƙasa. Wani tsoho ya yi tari, na zabura. Wani ya tashi ya zagaya bayan gida, na bi shi da ido har ya dawo. Liman ya miƙo mini kofinsa ya ce, "Ɗana, ƙara mini," na ɗauki ludayi na ƙara masa da hannuna. Allah ya gani, na ƙara masa.

Sikari ya ƙare, aka sake aika ni ciki. A tsakar gida na sami 'yar Kawu zaune cikin mata da jaririnta a cinya, yana ta tsala kuka yana naɗe ƙafafu. Ni da ita taubasai ne, ni ɗan mace ita 'yar namiji, tun muna yara ba ma haɗuwa ba ta tsokane ni ba. Ko a cikin makoki da ta gan ni sai da ta ɗan yi murmushi.

"Bawan gidanmu, zo ka riƙe mini kofi."

Wata tsohuwa a gefenta tana cewa, "Ba shi, ba shi, na kakansa ne, albarka ce. Yanzu cikin zai kwanta." Sai na ga cokali a hannun 'yar Kawu, tana hura shi.

Ban san lokacin da na kai hannu ba. Cokalin ya yi sama, kofin ya kife a kan zanen tsohuwar.

"Kai, yau ma wasa? Ba ka da hankali ne?"

"Kin ba shi?"

"Mene ne?"

"Na ce kin ba shi?"

"Ɗan kaɗan. Yaya, mene ne? Me ya sami fuskarka?"

A nan bakina ya buɗe. Da ihu na faɗa, ba tsari, har na waje suka ji. Na faɗi ɗan'uwan tauraro, na faɗi jan ƙyalle, na faɗi shagon da na saya da ƙaryar da na yi wa Kawu. Na ce ban sani ba ko abin da ya sha ne ya kashe shi.

Abin da ya biyo baya shi ne ake dariyarsa a kasuwa. Wata ta yi kururuwa a kawo manja, nan take aka fito da galan, manya da yara suna kurɓa yana zuba a rigunansu. Ogan nan na Garki ya ruga bayan motarsa ya cusa yatsa a maƙogwaro. Wani ɗan kasuwa yana kiran matarsa a waya yana ce mata ta yafe masa. Baba na Yangoji kaɗai bai motsa ba. Ya leƙa cikin kofinsa ya ce, "Ni na sha da yawa. To. Zan bi abokina ke nan, dama ita ba ya son tafiya shi kaɗai." Liman ya miƙe ya ce kada kowa ya hau mashin, kada kowa ya tafi shi kaɗai, duk wanda ya ji wani abu a jikinsa masu mota su kai shi asibiti.

Surukin Kawu ya shigo ya shaƙe mini wuyan riga. Na ɗauka dukana zai yi, kuma da ya yi ba zan kare ba. Sai jaririn ya sake tsala kuka, ya sake ni ya karɓe shi. "Ɗebo abin a leda ka biyo mu," ya ce.

A asibiti likita ta zazzage tauraron a kan tebur ta jujjuya da biro. Ta ce ita ba za ta iya rabewa da ido ba, kuma ba su da na'urar gwadawa a nan. Ta ce ko na ƙwarai ne bai kamata a ba jariri ba. Da na gaya mata yadda Kawu yake gwada buhu da cikinsa, ta girgiza kai ta ce Allah ne kawai ya tsare shi duk shekarun nan, kada wani ya kwaikwaya. Za su riƙe yaron su sa ido: amai, sanƙarewa, jijjiga. In zai nuna, cikin sa'o'in nan zai nuna.

Muka zauna a benci a baranda. Ba a daɗe ba Inna ta iso, duk da tana cikin takaba, ba wanda ya iya hana ta. Ta zauna kusa da ni tana haki. Na sauka ƙasa na durƙusa.

"Inna, ni na kashe Kawu."

"Tashi, mutane na kallo."

"Ni na kawo masa. Ina gani ya ɗora ruwa."

"Bai sha ba."

Na ɗaga kai.

"Bai sha ba, na ce. Bayan an fita da shi na shiga ɗakin na sami kofin a kan buhu, cike, ya rufe da faranti. Ni na zubar na wanke. Na ɗauka mantawa ya yi." Sannan ta ce, "Da yamman ya ce mini, gobe ni da ɗan nan akwai magana. Ban tambaye shi wace magana ba."

Wani dutse ya sauka daga ƙirjina, wanda ya fi shi nauyi ya hau. Kawu ba ya manta shayi. Ya fasa, ya shinshina, ya tafasa, ya kai baki, sannan ya rufe ya ajiye. Hancinsa ya ƙi buhun. Abin da shi bai yarda ya haɗiya ba, shi ne yanzu a cikin jikansa.

Ban san yadda zan kwatanta zaman nan ba. Ta taga muna hango yaron a kan gado, uwarsa ta sunkuya a kansa. Barci ya ɗauke shi. Jarirai suna motsa yatsu a cikin barci, kowa ya san haka, amma duk lokacin da hannunsa ya ɗan zabura sai uban ya miƙe tsaye. Can ya yi tumbuɗi, 'yar Kawu ta yi ƙara, nas ta rugo, ta duba ta ce nono ne kawai, ta goge. Na yi alwala na tsaya salla a ƙarshen baranda, ban san raka'a nawa na yi ba. Abu ɗaya nake ta roƙo, in akwai abin da za a ɗauka a ɗauka a jikina. Sau ɗaya uban ya juyo ya ce mini, ba da faɗa ba, "Tun yaushe ka san daga buhun aka dafa?" Na ce tun tukunyar farko. Ya juya kansa.

Bayan la'asar yaron ya farka, ya nemi nono, ya sha ya ƙoshi, ya kama ɗankunnen uwarsa yana ja. Likita ta haska idonsa, ta lanƙwasa ƙafafunsa, ta ce su kwana dai don a tabbata. Da safe aka sallame su lafiya. Daga cikin 'yan makoki ba wanda ya sami abin da ya wuce gudawa, ita ma ana jin ta manja ce. Liman ya dawo washegari ya ƙarasa addu'ar da aka katse, mutane kaɗan, ruwan leda kawai aka raba.

Har yau ban san me ke cikin buhun nan ba. Wataƙila mugun kaɗan ne a ciki, hannun Inna bai faɗa kansa ba. Wataƙila ruwan tukwanen ne ya yi yawa. Wataƙila ma ba komai, tsohon kaya ne da ƙamshinsa ya gudu, shi ya sa Kawu ya ƙi shi. Wanda zai iya gaya mana yana ƙasa. Ni da surukinsa muka haƙa rami mai zurfi a bayan gida muka juye buhun, muka zuba kananzir muka rufe.

Daga nan na wuce inda tireloli ke sauke kaya. Ranar da na saya na ga irin buhun jere a shagon, har kusa da rufi. Na sami mai shagon yana cin gyaɗa a bakin ƙofa. Na gaya masa abin da ya faru, ya ce shi kayansa lafiya lau, ba wanda ya taɓa dawo masa da ƙorafi. Na ce to ina sauran? Ya nuna mini bango da haɓa. Babu ko ɗaya.

"Sun shiga gari," in ji shi. "Masu shayi, masu magani, masu niƙawa. Wa zai riƙe kaya da damina?"

Saboda haka duk wadda wannan rubutu ya isa gare ta, in jaririnki na kukan ciki, don Allah kada ki dafa masa tauraro, ko wa ya ba ki, ko daga hannun wa ya fito. Ki kai shi a duba shi. Da Kawu na raye da ya hana ki, ki tafi kina zaginsa. Ba ya nan, kuma buhunan suna cikin gari.

Ya Allah, ka gafarta wa Kawu kaifin harshensa, ka karɓi tsoron da ya yi domin 'ya'yan mutane, ka yalwata masa kabari. Ka tsare yaran da ba mu sani ba. Amin.